Murhun da Bai San Muciya Ba

Ka lura da kayan ɗakin amaren 'yan shekarun nan? Da can masu zuwa ganin ɗaki gado suke dubawa, da kwalla, da jeren tasoshi. Yanzu sai sun leƙa madafa. Murhun gas suke nema, kuma kawunansa suke ƙirgawa. In mai kai biyu ne, a ce an yi ƙoƙari. In mai kai huɗu ne da gidan gashi a ƙasa, a ce uban yarinya ya riƙe albasarsa har ta yi tsada. Daga Birnin Malam zuwa Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, abin ya shiga lissafin aure. A kawo shi cikin kwali, a ciro shi a hankali, a jingina shi da bango. Shuɗiyar ledar da ke manne a jikinsa kuwa ba mai ɓare ta.

Kada ka ɗauka ƙin abin nake yi. Wanda ya taɓa ganin mace tana hura ɗanyen icce da damina ba zai zagi gas ba. Ido ya yi ja, hawaye na zuba, goyon da ke baya yana tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mu ba ma ƙirga, amma mun ga kunkunniyar rufin madafa. Da azumi kuma mai gas takan yi barcinta, ta tashi ta ɗumama sahur kafin ladan ya gyara murya. Duk wannan gaskiya ne. Tambayata ƙarama ce. Da wanda ya zana murhun nan ya zauna yana aune-aune, wace tukunya ce a gabansa?

Fara da tsayi. Babban murhun gas yakan kai santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, daidai ƙugun wanda ke tsaye. Asalinsa ne ya jawo. Wani James Sharp na garin Northampton a Ingila ya yi wa nasa rajista a 1826, lokacin Malam Abdullahi na Gwandu yana raye, ya buɗe masana'anta a 1836. Mutanen can a tsaye suke girki, da cokali a hannu, suna juya abin da ba ya gardama. Tun daga lokacin an sake launi, an sake ƙarfe, an ƙara makunni, amma ba a sake mai girkin ba. Matan Birnin Malam kuwa a zaune suke aikinsu, kan 'yar kujera, tukunya tsakanin gwiwa da gwiwa. Shi ya sa ƙaramin murhun nan da aka yi don a ɗora kan tebur, a ƙasa za ka same shi. Teburin an ɗora masa buhun gari.

Sai gindin tukunya. Ƙarafan saman murhun gas a shimfiɗe suke, suna jiran tukunya mai shafaffen gindi. Tamu ta dalma mai tumbi ce, gindinta a zagaye. Duwatsun murhu sun san da haka. Tana zama cikinsu, su riƙe ta ta gefe uku, kuma abu mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko da ƙasa ba ta daidaita ba. To ɗora wannan tukunya kan gas, ka zuba ruwa. Lafiya lau. Yi talge, har yanzu lafiya. Zuba gari, sa muciya. A nan ake raba gari. Tuƙin tuwon babban gida aiki ne na kafaɗa da gadon baya. Tukunya ta fara tafiya, murhu ya bi ta, tiyo ya miƙe. Sai ka ji muryar uwar miji daga bakin ɗaki.

"Ke 'yar nan, sauke ta ƙasa. Wanga abu ba shi ɗaukar tuƙi."

"To, Inna."

A sauke, a dafe da tsumma, a tuƙa, a mayar ya sulala, a sake saukewa. Tuwo ɗaya, hawa biyu, sauka biyu.

Na yayi yanzu mai saman gilashi ne, baƙi wuluk, har kana ganin fuskarka. Masu shago suna cewa an gasa gilashin, ba ya fashewa. An gasa shi kam, kuma yana da daɗin gogewa. Sai dai 'yar takardar da ke cikin kwali ta faɗi iyakar faɗin tukunyar da za a ɗora. In tukunya ta wuce kima, sai ta danne harshen wuta, zafi ya koma ƙasa ya taru kan gilashi. Wata rana ana cikin hira a ji tas. Irin wannan gilashi ba ya tsagewa gida biyu, rugurgujewa yake yi gutsi-gutsi. Takardar da Turanci take da Sinanci, kuma tun ranar jere aka ƙunshe daddawa da ita.

Ba wai masu ƙira ba su iya ba ne. Mutanen Sin ma da kasko mai zagayen gindi suke suya. An yi musu zoben da kaskon ke zama a kai, da kai mai layin wuta biyu ko uku, ciki da waje, don zafi ya hau har gefe. Mutanen Habasha suna da faffaɗan faranti na gasa injera, an yi musu na lantarki, yana nan a gidajen Addis Ababa. Inda masu saye suka yi yawa kuma suka ɗaga murya, injiniya yana ji. Tukunyar tuwo ba ta samu injiniya ba. Mai walda ta samu.

Tsaya wurin masu walda a Jega, ko a bakin kowace tasha. A nan ake sabunta murhun gas na ƙasar nan. Rodi ake lanƙwasawa a yi zobe, a sa masa gajerun ƙafafu, a dasa ƙaton kai na baƙin ƙarfe a tsakiya. Tsayinsa bai wuce taƙi biyu ba. Ba fenti, ba suna, ba takarda. Mai shayi da shi yake aiki, wasu masu ƙosai ma sun koma kansa. In ka ce a yi maka, tambaya ɗaya za ka sha: "Alhaji, ina tukunyar? Aiko yaro da ita, da ita za mu auna." In iska ce ta dame ka, a yanko langa-langa a kewaye shi. Kamfanonin ƙetare suna da ɗakunan gwaji. Shi yana da tukunyarka da guntun alli.

Akwai kuma 'yar ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6, wadda ake murɗa kai a bakinta kai tsaye. Ba tiyo, ba tebur. In ana neman ƙirar da ta ci ƙasar nan, ita ce, ba mai gilashi ba. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ita suke saukowa daga mota farkon zango, jaka a hannu ɗaya, ita a ɗaya. Tana dafa taliya, tana dafa shinkafa da wake, ba ta tambayar girman ɗaki. Aibinta shi ne wutar a kan rumbunta take ci, tukunya kuma tana can bisa tsini. Gwiwa ɗaya ta isa. Ana gane ɗakin ɗalibi da tabon manja a bango.

Ga kuma makunni mai kunna kansa. A wasu, 'yar guduma ce a ciki take bugun wani dutse, dutsen ya ba da tartsatsi. A wasu batir ne. A manyan kuwa sai an jona da lantarki, wato an rataya wutar gas a wuyan wutar NEPA. Watannin farko abin gwanin ban sha'awa, ƙas, wuta ta kama. Daga nan miya ta zubo, maiƙo ya rufe tsinin, ƙura ta hau. Ƙas, ƙas, ƙas, gas yana fita, wuta ba ta zo ba. Wasu kuma kai uku ne na gas, na huɗu faranti ne na lantarki, wai don ranar da gas ya ƙare. A kan wannan farantin ake ajiye ashana.

Gidan gashin da ke ƙasa ya fi kowane sashe shan gyara a hannun masana. A 1923 wani kamfanin Ingila ya fito da ma'aunin da ake kira Regulo, mai riƙe zafi a inda aka saita shi, don kada mai gashi ta yi ta buɗe ƙofa tana leƙe. Daga baya aka sa ƙofar gilashi, da ƙwan fitila a ciki, da agogo mai ƙararrawa, da fanka mai zagaya zafi, da tsinken ƙarfe mai juya kaza da kansa. Duk an yi su don mutanen da cimarsu ta yau da gobe gasasshiya ce. Tamu tuƙaƙƙiya ce, ko dafaffiya, ko turararriya. Gashi aikin waje ne, na mai tsire da mai balangu da mai tanderu, kuma ba wanda ya kai ƙararsu. Ga shi gidan gashin sai ya sha gas ya ƙoshi kafin ya taɓa abin da aka sa masa. Ana kunna shi jajibirin salla a yi kek, in an kunna. Sauran shekara, buɗe ka gani. Farantan baƙi, murfin kula, da sugan da ake ɓoye wa yara.

Abin da ya cancanci kallo a murhun gas ba ya cikin talla. Harshen wutar ne. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wata 'yar mitsitsiyar huda, ya jawo iska, su gauraya kafin su kai ga wuta. Dabarar da aka san Robert Bunsen na Jamus da ita ce tun 1855. In iska ta wadata, wuta ta yi shuɗi, tukunya ta sauka fes. In ta gaza, wuta ta yi ja, gindin tukunya ya yi baƙi, gas ya tafi a banza. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar, gizo-gizo ma yana son wurin. Murhun gwanjo da aka kwaso daga Turai kuma nasa ciwon daban. Can yawanci gas na bututu suke ƙonawa, hudar murhunsu ta fi faɗi, in an jona shi da silinda sai ya yi ta lasar sama da jan harshe. 'Yar hudar ake canzawa, shi ke nan. Mai gida kuwa mai sayar da gas yake zargi da algus.

Akwai ƙira guda da na sara wa. Wani ɗan tsinke ne a gefen kai, wuta tana lasarsa. Muddin yana da zafi, yana ba da 'yar wutar lantarkin da ke riƙe ƙofar gas a buɗe. In iska ta hure wuta, ko ruwa ya tafaso ya kashe ta, tsinke ya huce, ƙofa ta rufe da kanta. A wurin da ake girki a tsakar gida, ga iskar hunturu, ga yara masu murɗe-murɗe, wannan ya fi gilashi da agogo a haɗe. Ba a ganinsa a hoto, ba ya ƙyalli, mai saye ba ya tambayarsa. Alamarsa ita ce sai ka danne makunni ka ɗan riƙe kafin wuta ta tsaya. A kan wannan ake mayar da shi shago. "Malam, canza mini, wanga ba shi da sauri."

Warin gas ma ƙira ce. Shi kansa kusan ba shi da wari, wani sinadari mai ɗoyi ake zuba masa da gangan. Sai da aka yi asarar rayuka aka maida abin doka. A watan Maris na 1937 gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas a Amurka, ba wanda ya ji, ya tashi da mutum kusan 300, galibinsu yara. Namu na silinda kuma ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake yi ba, kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi lungu. Tagogin ɗakunanmu kuwa ƙanana ne, can kusa da rufi, don da hayaƙi suka saba. Ƙofa ake buɗewa, a rufe bakin silinda, kada a taɓa makunnin fitila. Mai neman inda ke yoyo ruwan sabulu zai shafa wa tiyo, ya jira kumfa. Har gobe akwai mai nema da ashana.

Shekara wajen 200 ana gyara murhun nan, amma abu ɗaya ya kasa isowa gare mu, wato sanin abin da ya rage. Icce kana ganin tulinsa yana raguwa. Kananzir kana ɗaga kwalba. Gas ba ya sallama. Agogon da ake ɗaura wa bakin silinda ba ya tsinana abin kirki, don gas ruwa ne a ciki, ƙarfin tururinsa kusan ɗaya ne har sai ruwan ya zo ƙarshe. Allura tana kan kore da hantsi, da la'asar ta faɗi. Saboda haka ake ɗagawa a ji nauyi, a girgiza a kasa kunne. Masu dabara su kwarara ruwan ɗumi a gefe su shafa, inda sanyi ya fara nan ruwan ya tsaya. A Norway ana ƙera silinda mara nauyi da ake hango ruwan ta jikinta. A Nairobi kamfanin M-Gas yana ɗaura mita a baki, ka biya na girki ɗaya ta waya. Mu namu tsarin daban. Yaro a bayan kabu-kabu, rungume da silinda, ya nufi Jega, shinkafa tana jira da tsakiya ɗanye.

Gas ɗin kuma daga nesa yake. Wani daga Bonny ta jihar Ribas, wani daga ƙetare. Jirgin ruwa ya sauke a Legas, tanka ta ɗauka, ta biyo Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri da Koko kafin ta ga Jega. Kowane rami na hanyar nan yana cikin kuɗin kilo. A Maris na 2021 gwamnatin Buhari ta ayyana shekaru goma na gas. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, naira ta faɗi, kilo ya bi sahu. Silinda mai cin kilo 12.5 ta koma lasar kilo 2. A bakin sikeli an daina tambayar ko a cika. "Na nawa za a sa?"

Ba wannan ne baƙon farko a madafa ba. Risho ya zo da lagwaninsa, ya yi zamaninsa, har kananzir ya fi ƙarfin talaka. Lokacin Abacha, da kananzir ya yi ɓatan dabo, aka ƙera murhun gwangwani mai cin garin katako ko gawayi, aka laƙaba masa sunan shugaban. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana fito da murhu mai tsimin icce. Akwai Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin icce da kashi 80 cikin 100. A Nuwamba na 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara, maganar ta ƙare a cece-kuce. Kowanne ya zo, a ce kwanan duwatsu uku ya ƙare. Gas ma ya shigo kamar amarya, an ba shi ɗaki mai siminti, ana nuna shi ga baƙi, amma makullin rumbu yana hannun uwargida. Shayi, ɗumame, taliya da ƙwai nasa ne. Ganda, kai da ƙafa, ruwan wankan jego, tuwon suna, da shinkafa shanshera da matan fadama ke turarawa a rabin duro, duk na icce ne da kara da ɓuntu. Karan dawa ba a ɗora shi kan sikeli.

Yanzu kuma ana maganar wanda ya fi gas. Shafaffen gilashi ne, ba harshen wuta sam, maganaɗisu ne ke zafafa tukunyar kanta. A Amurka har wasu birane sun yi dokar hana jan bututun gas zuwa sababbin gidaje, ana ta kai ruwa rana a kotu. Mu muna cire takalmi za mu shiga, su suna neman nasu za su fita. Sharaɗin sabon biyu ne, lantarki mai tsayawa, da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Na farkon ba sai na gaya maka ba. Na biyun gwada da kanka. Ciro maganaɗisun tsohuwar rediyo, ka manna a gindin tukunyar dalma. Faɗowa zai yi.

Abin da masu ƙira ba su taɓa sawa a lissafi ba shi ne abin da wuta ke bari. Icce in ya gama girki yana barin garwashi da toka. Da garwashi ake turaren wuta, da shi ake cika dutsen guga, a gasa masara, a ji ɗumi da asubar hunturu. Da toka ake dirje gindin tukunya. Gas kuwa da an murɗa makunni shi ke nan, ba ya barin komai. Matan gida sun samo hanya. Da yamma, in an yi shara an yi wanka, sai a ɗebo 'yan ƙwayoyin gawayi, a jera kan murhu mai kai huɗu, a buɗe wuta har su kama, a kwashe da cokali zuwa kasko. Toka ta zuba cikin hudoji, ta toshe su ɗaya bayan ɗaya. Wuta ta fara ci gefe guda, sannan ta yi ja. A aika a kira mai gyara. Ya zo da allura da tsohon burushi, ya cire kai, ya buga shi a tafin hannu, ya dubi abin da ya zubo.

"Hajiya, ana hura gawayi a nan?"

"Wa, mu? Ai mu mun bar gawayi tun da anka kawo gas."